Zama uku da ungozoma a tsakar gidanmu: abin da na biya da abin da muka samu

A unguwarmu ta Hausari da ke Garwa akwai wata ungozoma da ta yi ritaya bayan shekaru masu yawa tana karɓar haihuwa, wadda a yanzu ta mayar da aikinta bin gidaje, tana zama da iyaye da 'ya'yansu a kan al'amarin balaga da lafiyar jiki. Ba ta da ofis, ba ta kuma kafa allon talla ba. Mace ce ke ba mace lambar wayarta a gidan suna ko a wurin biki. Na gayyace ta gidanmu a watan Afirilun da ya wuce, na biya sefa 7,500, kuɗin da ya ƙunshi zama uku da wata jaka ta kayan koyo da take bar wa gida. Tun da mata da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na ga ya fi dacewa in rubuta amsar sau ɗaya, da abin da ya gamsar da ni da abin da bai gamsar da ni ba.

Dalilin da ya sa na neme ta ba ɓoyayye ba ne ga duk wadda ta tashi a gidan Hausawa ko na Fulani. Yarinyar da ake magana a kanta 'yar farina ce, shekarunta 12, kuma ni ban taɓa kiran sunanta a gaban surukaina ba, balle in zaunar da ita in yi mata bayanin jinin al'ada. A da can wannan aiki na gwaggo ne ko na kaka, amma gwaggonta tana aure a Ngaundere, kakarta kuma Allah ya yi mata rasuwa. Ni kaina ranar da na fara ganin jini na ɗauka ciwo na ji, na ɓoye har kwana biyu, kuma da asiri ya tonu abin da aka ce mini bai wuce kalma biyar ba: kin girma, ki kiyayi maza. Aka miƙo mini tsumma, zance ya ƙare. Ni malamar firamare ce, na san tun 2007 gwamnatin Kamaru ta sanya darasin rayuwar iyali da na cutar sida a cikin tsarin karatu, amma na kuma san yadda darasin yake gudana a aji cike maƙil, da Faransanci, maza da mata a haɗe, malami yana sauri ya wuce wurin da yara ke ƙyaƙyata dariya. Yaro yana haddace sunayen gaɓoɓi saboda jarrabawa, ya koma gida bai san abin da zai yi da jikinsa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan mata masu shekaru 15 zuwa 19 a Kamaru sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin farko, kuma wadda ke zaune a nan arewa ba ta buƙatar takarda kafin ta yarda da wannan adadi.

Jakar kanta ta yadin atamfa ce mai zoge. A ciki akwai littafi mai hotuna da rubutun Faransanci, da ƙaramar kalanda ta aljihu, da ƙunzugu uku na yadi masu maɓalli waɗanda ake wankewa a sake amfani da su, da sabulu, da wani ɗan carbi mai launi uku, sai katin waya ɗauke da saƙonnin murya da Fulatanci da Hausa. Takardar littafin mai kauri ce, ba ta yagewa da wuri, hotunan kuma zane ne ba hoton mutum ba, abin da ya sa maigidana ya iya buɗe shi ba tare da ya ɓata fuska ba.

Zaman farko na iyaye ne kaɗai, kuma a ganina shi ne ya fi sauran daraja, shi ne ma dalilin da zai sa in ce a biya kuɗin. Da Hajiya, wato ungozomar, ta iso bayan la'asar, maigidana Malam ya gaishe ta ya koma zaure da carbinsa, a tunaninsa zancen mata ne. Ta ƙi buɗe jakarta. Ta ce mini, "Malama, ki je ki ce wa maigida ba zan fara ba sai ya shigo, domin yaran nan ba ke kaɗai kika haife su ba." Ya shigo yana gyaran murya, ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo a gidansa. Ba ta fara da hoto ko da sunan cuta ba. Ta tuna masa cewa Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta yi tambaya a kan wankan mace idan ta yi mafarki, kuma aka ba ta amsa. Ta tuna masa yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ta kawo umarnin raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara 10, da aya ta 58 ta Suratun Nur wadda ta koya wa yara neman izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku. Malam ya san duk wannan, ya ma fi ta sanin nassinsa, amma ban taɓa jin an jera masa su a matsayin hujjar cewa shi ne ya kamata ya fara magana da yaron da ke gidansa ba. Na ga lokacin da ya ajiye carbin.

Daga nan ta sa mu abin da na fi jin nauyinsa a duk zaman: ta ce kowannenmu ya faɗi kalmomin da bakinsa, haila, maniyyi, mafarki, mahaifa, al'aura, har sai harshe ya daina sarƙewa. Hujjarta ita ce uwar da ba ta iya furta kalma ba za ta iya jin ta daga bakin 'yarta ba, yarinyar da ta ga fuskar uwarta ta canza sau ɗaya kuma ba za ta sake kawo tambaya ba. Ta yi mana bayanin lokuta daki-daki, cewa alamun balaga kan fara ga mace tsakanin shekara 8 da 13, ga namiji tsakanin 9 da 14, cewa haila kan zo kimanin shekara 2 bayan ƙirgen dangi, kuma yarinyar da ta kai 15 ba ta ga jini ba a kai ta asibiti maimakon a fara jiƙa mata saiwa. Ta ja kunnenmu a kan danne nono da dutse ko muciya mai zafi don a ɓoye girman yarinya, al'adar da ta fi yawa a kudancin ƙasar nan, tana mai cewa ba ta hana komai sai lalata naman wurin, kuma dokar hukunta laifuka ta 2016 ta haramta ta, kamar yadda ta tanadi hukunci ga wanda ya aurar da yaro ko yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. A wannan gaɓa ta ƙarshe ita da Malam ba su daidaita gaba ɗaya ba, sai dai ba ta ja zancen ba. Ta ba shi labarin abin da idonta ya gani na doguwar naƙuda da yoyon fitsari ga yaran da ƙugunsu bai gama buɗewa ba, ta bar shi da tunaninsa.

Shi ne ya tayar da maganar allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 kyauta a ƙasar nan a 2020, aka kuma haɗa da yara maza tun 2023. Ya ce, "Hajiya, mu dai mun ji an ce tana hana haihuwa, shi ya sa muka ce kada a yi mata a makaranta." Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma ce masa jahili ba, kamar yadda wasu ma'aikatan lafiya kan yi har mutum ya ƙara taurin kai. Ta bayyana cewa ƙwayar cutar da ake kira HPV ita ce ke haddasa kusan duk wannan sankara, cewa nau'i biyu kaɗai daga cikinta, na 16 da na 18, su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100, cewa bayan ta nono babu sankarar da ta fi ta kama mata a Kamaru, kuma mace na iya samun ƙwayar daga mijinta na sunna ba tare da ta taɓa sanin wani namiji ba. Allurar tana aiki ne idan an yi ta kafin haɗuwa da ƙwayar, shi ya sa ake yi wa ƙanana, ba don ana zarginsu da wani abu ba. Sati biyu bayan haka shi da kansa ya ɗauki yarinyar a babur ya kai ta cibiyar lafiya.

Zama na biyu na yarinyar ne. Hajiya ta nemi in zauna a ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, yadda za ta san ina nan kuma na yarda, amma ba sai ta kalli idona ba. Wannan dabara ta burge ni, domin ta girmama kunyar da ke tsakanina da 'yar fari ba tare da ta bar kunyar ta ci gaba da yi mana katanga ba. Ta zana mahaifa a ƙasa da tsinke kafin ta buɗe littafi, ta ce girmanta bai wuce dunƙulen hannun yarinyar ba, ta nuna yadda take yin shimfiɗa kowane wata sannan ta zubar da ita idan babu ciki, kuma cewa jinin ba dauɗa ba ne, ba ciwo ba ne, ba kuma alamar an yi wani laifi ba. Ta koya mata sa alama a kalanda ranar farko, ta gaya mata cewa a shekarun farko tazarar da ke tsakanin haila da haila na iya kaiwa daga kwana 21 har zuwa 45 ba tare da wata matsala ba.

A nan ne yarinyar ta yi tambayar da ta nuna mini cewa Hajiya ta san aikinta. An ce mata idan jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu, ta faɗa a kai ta asibiti. Sai ta ce da ƙaramar murya, "Inna, amma a Islamiyya Malam ya karantar da mu a Ahalari cewa mai farawa tana iya kai kwana 15." Na tsaya da tsintar da nake yi, domin na san irin wannan karo ne ke sa yaro ya zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya, kuma kowa ya san wanda za a jefar. Hajiya ta ce mata malaminta ya yi gaskiya, kwana 15 ɗin hukunci ne na ibada, yana gaya mata iyakar lokacin da za ta bar salla da azumi, bayan haka jinin ya zama na ciwo, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Kwana 7 kuma ma'auni ne na lafiya, yana gaya mata lokacin da jiki ya fara asarar jinin da ya fi ƙarfinsa har ya kai ga jiri da kasala. Ta ce, "Ki riƙe na malaminki don sallarki, ki riƙe nawa don jikinki, ba sa faɗa da juna." Wannan bayani babu shi a littafin, babu shi a saƙonnin murya, daga kanta ya fito, kuma shi ya sa nake shakkar cewa jakar ita kaɗai, ba tare da mai ita ba, za ta yi wa gida rabin wannan amfani.

Ƙunzugun suna da laushi, ɗinkinsu kuma ya jure wanki, amma uku sun yi kaɗan ga wadda aka ce ta riƙa canzawa bayan awa 4 zuwa 6. A zafin Garwa na bazara, da rana kan haura maki 40, suna bushewa kafin a gama girkin rana. Da damina ta kankama sai labari ya sha bamban, dole na ɗinka wasu huɗu. Babbar matsalar ma ba ta yadi ba ce. An ce a shanya su a rana, alhali igiyar shanyarmu tana tsakar gida inda kowa ke wucewa, kuma na kama yarinyar ta cusa ɗanye ƙarƙashin katifa. Muka ɗaura wata igiya a bayan ɗaki, tana rufa musu ɗankwali mara kauri. Da Hajiya ta duba tsarin gidan tun ranar farko, da ta hango wannan.

Carbin nan mai launi uku shi ne abin da nake ganin bai kamata ya zauna a jakar budurwa ba. Ƙwayoyinsa 32, ja ɗaya na ranar farko, farare 12 na kwana na 8 zuwa na 19 da ake iya ɗaukar ciki, sauran masu ruwan ƙasa. An yi shi ne don matar aure da al'adarta ke zuwa daidai tsakanin kwana 26 da 32, wadda ke son tazarar haihuwa da yardar mijinta. Ga yarinyar da al'adarta ba ta daidaita ba lissafinsa ba ya aiki, littafin kuma ya nuna hotonsa ba tare da wannan gargaɗi ba. Hajiya ta faɗa da baki cewa nawa ne ba na yarinyar ba, na kuma cire shi na adana, amma littafi yana yawo hannu da hannu tsakanin ƙawaye, gargaɗin baki kuwa ba ya bin sa.

Zama na uku ya zo a makare da kwana tara, saboda an ɗage shi sau biyu ba tare da an sanar da mu da wuri ba, kuma shi ne mafi rauni. An ware shi ne ga yara maza, a gidanmu kuma akwai ɗan wan Malam mai shekara 15 da muke riƙo saboda karatun lise, wato sakandare. Shafi huɗu kacal littafin ya ba namiji. Yaron ya zauna gaban tsohuwar da ta yi jika da shi, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan zama na namiji ne, ya kamata a ce tana da abokin aiki, ko da wani nas ne, da zai zauna da samari a zaure. Duk da haka abu biyu sun fito masu amfani. Ta gaya masa cewa kumburin nono da wasu samari kan gani a wannan shekarun yakan wuce da kansa. Sannan ta rushe wata tsohuwar magana da har yanzu ake yi a ƙauyukan bakin Binuwai da kewayen madatsar Lagdo, cewa fitsarin jini ga yaro alamar zama namiji ce. Ta ce tsargiya ce, tsutsa ce da ke shiga fata idan an yi wanka ko kamun kifi a ruwan da ke da katantanwar da ke ɗauke da ita, tana da magani a asibiti, kuma ga mace tana iya kawo ƙaiƙayi da zubar ruwa har a zarge ta da ciwon sanyi alhali ba ta aikata komai ba. Malam ya ce shi kansa ya yi fitsarin jini yana yaro, aka yi masa barka.

Ta ƙarasa ranar da ƙaramarmu mai shekara 7, cikin wasa, tana koya mata cewa wurin da wando ya rufe ba mai taɓawa ba mai kallo, ko da wanda ta sani ne, ko da ya ba ta alewa, ko da ya ce sirri ne. Mu kuma ta ce mana mai cutar da yaro galibi ba baƙo ba ne, ta ambaci 'yan talla da ake kira cikin shago ko kango, ta nanata cewa idan abin ƙi ya auku kada a tsaya sasanci a zaure har lokaci ya ƙure, domin maganin kariya daga sida sai an fara shi cikin awa 72.

Abin da na rasa gaba ɗaya, a littafi da murya da bakinta, shi ne zancen waya. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma yaron yau yana kwance a ɗaki yake hango abin da babban bai taɓa mafarkinsa ba. Babu kalma ɗaya a kan bidiyon batsa da ake turawa ta WhatsApp, ko saurayin da ke roƙon hoto a Facebook sannan ya mayar da shi abin barazana. Da na tambaye ta, ta amsa da gaskiya cewa ita wayarta ta kira ce kawai. Na yaba da gaskiyar, amma giɓin yana nan, kuma ga gidan da yaransa suka riga suka riƙe babbar waya, giɓi ne mai faɗi.

Saƙonnin murya na Fulatanci suna da daɗin sauraro, da ji ka san mai harshen ce ta yi su. Na Hausa kuwa an juya su ne kalma da kalma daga Faransanci, har akwai inda sai da na koma na Fulatancin kafin na gane abin da ake nufi. Akwai kuma abin da ba laifinta ba ne amma ya kamata mai niyyar kiranta ta shirya masa: ungozoma ba ta shiga gidan da ke da budurwa sau uku ba tare da maƙwabta sun ƙirga ba. Bayan zama na biyu wata maƙwabciya ta leƙo aron turmi, ta tambaye ni cikin dabara ko lafiya. Na ɗauko littafin na miƙa mata, ta tsaya a tsaye ta duba shi har shafin ƙarshe, ta manta da turmin.

Sefa 7,500 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga yawancin gidajen unguwarmu, kuma Hajiya tana yarda gida biyu ko uku su haɗu a zaman iyaye su raba kuɗin, abin da nake ba da shawara a yi, muddin zaman yarinya ya kasance nata ita kaɗai. Mai 'ya mace da ta fara ƙirgen dangi za ta ci riba. Mai samari zalla ta jira har a samu namijin da zai zauna da su, ko ta tura maigida zaman farko ta bar masa sauran aikin. A gidanmu haka aka yi daga baya, na ji su shi da yaron a zaure bayan isha'i, muryarsu ƙasa-ƙasa, ban kuma tambayi abin da suka tattauna ba. A watan Agusta, ina tsaye a madafa, 'yar farina ta zo ta tsaya a bayana ba ta kalle ni ba, ta ce, "Umma, ya zo, na sa alama a kalanda, amma marata tana ciwo." Na sauke tukunyar miya na ɗora mata ruwan zafi.